Katin da ya ci dala miliyan 12, da abin da ke kwance cikin adakar tsofaffinmu a Zango

A ƙarshen watan Agusta na 2022, wani kamfanin gwanjo a Amurka mai suna Heritage Auctions ya sayar da wani guntun kwali a kan dalar Amurka miliyan 12 da dubu 600. Kwalin bai fi tafin hannu ba, kuma babu zinariya ko azurfa a jikinsa. Hoton wani saurayi ne kawai mai suna Mickey Mantle, ya saɓa kulki a kafaɗa. Ɗan wasan besbol ne, wasan nan na Amurkawa da ake jefo ƙaramar ƙwallo, mutum ya make ta da kulki ya ruga da gudu. Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, ya haɗa shi da cingam a ƙunshi ɗaya domin yara su saya da 'yan kwabban aljihunsu. Mutumin da ya kai shi gwanjon, a kan dala dubu 50 ya saye shi a 1991.

Wanda duk ya ji wannan labari a nan Tamale, da farko zai riƙe baki ne ya ce kai, waɗannan mutane kuɗi ya yi musu yawa. Daga baya kuma sai hankalinsa ya tafi kan tsohuwar adakar nan da ke ƙarƙashin gadon Hajiya, wadda tun rasuwar Baba ba wanda ya buɗe. Akwai kwabo mai huji a ciki, akwai tsofaffin sidi masu hoton Nkrumah, akwai wasiƙu da kan sarki, akwai hotuna, akwai takardun ajami da aka ɗaure da tsumma. Shin ko a ciki akwai abin da zai fitar da gida daga talauci?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A Sabonjida da Zogbeli da Moshi Zango da sauran unguwanninmu, irin waɗannan kaya na fita daga hannunmu ta ƙofa biyu. Wani ya ga tarkace ne, ya tara ya cinna musu wuta ko ya miƙa wa 'yan kondem tare da tsofaffin ƙarafa. Wani kuma ya ji jita-jitar miliyoyi, ya faɗa hannun ɗan damfara, ya rasa kayan ya rasa kuɗinsa. Dukkansu rashin sani ne ya ci su, kuma Hausawa sun ce ya fi dare duhu. Kasuwar katin besbol ta Amurka ta daɗe tana ci, an yi arziki a cikinta an kuma yi asara, saboda haka tana da abin da za ta koya mana kan yadda tsohon abu ke samun daraja.

Ba tsufa ke ba abu tsada ba

Katin da ya fi kowanne suna a wannan harka shi ne na wani ɗan wasa Honus Wagner. Tsakanin 1909 da 1911 wani babban kamfanin taba na Amurka ya riƙa saka hotunan 'yan wasa cikin kwalin sigari domin jawo masu saye. Wagner bai yarda a yi da hotonsa ba. Wasu sun ce ba ya son yara su riƙa sayen taba saboda shi, wasu sun ce batun kuɗi ne bai daidaita ba. Ko ma mene ne dalili, an dakatar da buga nasa tun da wuri, kuma waɗanda aka san sun rage a duniya yau ba su kai ɗari ba. A 2021 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 6 da dubu 600, a 2022 aka sayar da wani a kan miliyan 7 da dubu 250. Amma akwai katunan wasu 'yan wasa da aka buga a shekara ɗaya da shi, a kamfani ɗaya, da takarda iri ɗaya, waɗanda kuɗinsu bai wuce na wayar hannu ba. Shekarunsu ɗaya, ƙarancinsu ne ba ɗaya ba.

Shi ma katin Mantle haka ne. Yana cikin rukunin ƙarshe da Topps ya fitar a 1952, lokacin da kakar wasan ta zo ƙarshe, yara sun koma makaranta, kaya suka yi kwantai a sito. Wani jami'in kamfanin mai suna Sy Berger ya sha faɗa da bakinsa cewa da suka rasa yadda za su yi da su, sai suka loda su a jirgin ruwa suka zubar a teku. Waɗanda suka shiga hannun yara kuwa, an yi wasa da su, an lanƙwasa, an maƙala a sifokin keke don ya riƙa ƙara, iyaye mata sun share ɗaki sun zubar. Abin da ya tsira da lafiyarsa kaɗan ne ƙwarai.

To ga inda darasin yake. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, labari ya bazu a Amurka cewa kati jari ne. Kamfanoni suka shiga bugawa ba ƙaƙƙautawa, jama'a suka saya kwali-kwali suka adana ba tare da sun ko buɗe ba, kowa na jiran ranar da zai zama attajiri. Yau mafi yawan katunan wancan zamani ba su da wata daraja, domin kowa na da su. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada. Abin da kowa ya raina ya zubar, sannan daga baya aka waiwayo ana nema, shi ke tsada.

Kuma ko abu ya yi ƙaranci, sai da mai so. Waɗanda ke zuba miliyoyi a kan Mantle, yawancinsu mutane ne da suka tashi suna jin sunansa a bakin iyayensu, yanzu Allah ya hore musu, suna sayen ƙuruciyarsu ne. In ba mai ƙaunar abu, ko shi kaɗai ya rage a duniya, sunansa tarkace.

Lafiyar kaya da amanar dillali

Kati biyu iri ɗaya, na mutum ɗaya, na shekara ɗaya, ɗaya zai iya ninka ɗaya sau ɗari a kuɗi saboda lafiyar jikinsa kawai. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba kati da madubin ƙara girma: kusurwoyinsa huɗu suna nan da kaifinsu? Hoton yana tsakiya daidai? Akwai karce ko tabo? Sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, kamar dai yadda muke yi wa ɗalibai a aji, su rufe shi cikin roba mai tauri da lamba. Mafi shahara a cikinsu shi ne PSA, wanda aka kafa a 1991. Katin Mantle da ya ci miliyan 12 ɗin nan, wani kamfanin mai suna SGC ne ya ba shi maki 9.5.

Sai dai inda kuɗi ya taru, maguɗi ba ya nisa. Katin Wagner da ya fi kowanne suna, wanda PSA ya fara dubawa ya ba shi maki 8, an saye shi a 1991 a kan dala dubu 451. Bayan shekara 22, a 2013, wani babban dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunan katin domin ya yi kama da sabo. Ya kuma amsa cewa a kamfaninsa na gwanjo ana saka mutane su riƙa taya kaya na ƙarya don farashi ya hau. An ɗaure shi wata 20. Wannan taye na ƙarya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ne malamanmu na fiƙihu ke kira najashu, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi, kuma shari'a ta hana shi tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Farashi kuma ba hawa kaɗai yake yi ba. A lokacin annobar korona, 2020 zuwa 2021, mutane na zaune a gida, kuɗin katunan wasa ya yi tashin gwauron zabi, daga baya da yawa suka faɗo. Hatta kan sarkin da ya fi kowanne tsada a duniya, wani ɗan jan kan sarki na 1856 daga Gayana ta Kudancin Amurka wanda shi kaɗai ya rage, an saye shi a 2014 a kan kusan dala miliyan 9 da rabi, da aka mayar da shi kasuwa a 2021 miliyan 8 da dubu 300 ya yi. Mai shi ya yi asarar fiye da miliyan ɗaya a kan abin da babu na biyunsa.

Namu wasan ƙwallon ƙafa ne

Mu a nan ba besbol muke yi ba, amma harkar ta iso wasan da muka sani. A 1958 wani kamfani a Suwidin ya buga ɗan ƙaramin katin Pele na Burazil, yana ɗan shekara 17, shekarar da ya fara cin kofin duniya. A watan Fabrairun 2022 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 1 da dubu 330. Kamfanin Panini na Italiya, wanda ya fara aiki a 1961, tun gasar 1970 yake fitar da littafin liƙa hotunan 'yan wasan kofin duniya. Black Stars sun shiga ciki a 2006 da 2010 da 2014 da 2022, kuma a tawagogin nan akwai 'ya'yan Tamale: Mubarak Wakaso da Abdul Majeed Waris a 2014, Abdul Fatawu Issahaku a 2022.

Yaro ya riƙe irin wannan hoto don ƙauna, babu laifi. Amma kada a yaudari kai, Panini miliyoyi yake bugawa, kuma masu adanawa sun cika duniya. Haka katunan da ɗalibai ke musaya a bayan aji lokacin tara, waɗanda ake samu cikin ledar biskit ko alewa, abin wasa ne ba jari ba. Abin da ya kamata iyaye su sa wa ido shi ne sabon salon da ke yawo a intanet, inda ake sayar da ƙunshin kati a rufe da tsada, ana kwaɗaita wa matasa cewa wataƙila a ciki akwai mai darajar dubbai. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma tsakaninsa da caca ba nisa.

Abin da ke da ƙaranci na gaske yana nan kusa da mu. Abedi Pele, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, 1991 da 1992 da 1993, ya kuma ci kofin zakarun Turai da Marseille a 1993, a Real Tamale United ya fara fitowa, kafin ya je Libiya da Black Stars su ɗauko kofin Afirka a 1982. Hotunansa na Turai suna ko'ina. To na zamanin RTU fa? Hoton da mai hoto na gari ya ɗauka a bakin fili, guda nawa ya wanke? Biyu ne ko uku. Katin ɗan ƙungiya, tikitin shiga kallo, takardar jerin 'yan wasa, hoton tawaga da sunaye a baya, waɗannan su ne irin abin da kowa ya raina ya zubar. Ba a ce za su kawo miliyoyi ba, domin kasuwarsu ba ta kafu ba tukuna. Amma duk ranar da aka tashi rubuta tarihin ƙwallo a arewacin Ghana, wurin mai su za a zo.

Kwabo mai huji da tsofaffin sidi

Abin da aka fi samu a adakokinmu shi ne tsabar kuɗin zamanin Turawa. Daga 1912 hukuma ɗaya ce ke buga wa Najeriya da Gol Kos da Saliyo da Gambiya kuɗi, shi ya sa kwabon da Bahaushe ya karɓa a Kano yake kashe shi a Salaga ko Kumasi ba tare da canji ba. Kwabo da ɗari da anini suna da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci da ke faɗin darajarsu. Sama da su akwai taro da sisi da sule.

Akwai wani kwabo da ake yawan ruɗar mutane da shi, na 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na takwas. Wannan sarki ya hau gado a watan Janairu ya sauka a watan Disamba na shekarar, kuma a Ingila kanta ba a kashe kuɗi mai sunansa ba. Amma a nan Afirka ta Yamma an buga, an kashe. Labarin da daɗin ji, sai mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Gaskiyar magana ita ce miliyoyi aka buga, kuma a kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi 'yan daloli kaɗan ake sayar da shi. Haka babbar azurfar nan mai hoton wata mace, Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa da Barno, mata kuma suka riƙa ado da ita. Kowace ɗaya 1780 aka rubuta a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai har cikin ƙarni na 20. Nauyinta kusan giram 28 ne, kuma mafi yawansu darajarsu ita ce ta azurfar da ke jikinsu.

Takardun kuɗin Ghana ma kowace da labarinta. Fam na Ghana ya fito a 1958. A watan Yulin 1965 aka kawo sidi mai hoton Kwame Nkrumah, bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 aka maye gurbinsa da sabon sidi a 1967, ba hoton. Dattawa ba su manta canjin kuɗi na 1979 ba, da yadda aka janye takardar sidi 50 a 1982. A watan Yulin 2007 kuma aka yanke sifiri huɗu, sidi dubu 10 ya koma sidi 1. Sidin 1965 bai kai shekara biyu yana yawo ba, saboda haka masu tarawa na nemansa, musamman manyan takardun, in sun fito fes ba lanƙwasa. Amma damin 'yan dubu biyar-biyar da dubu goma-goma na kafin 2007 da suka sha hannu a kasuwar Aboabo, suka sha manja da gumi, waɗannan abin nuna wa jikoki ne kawai. Kuma wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne. Malamin da ya shiga aji da wuri da kwabo mai huji da sidin Nkrumah a hannu, ya gaya wa yara cewa kalmar kuɗi jam'in wuri ce, sunan sidi ma daga sunan wuri ya fito a harshen Akan, ya koyar da tarihin da allo ba zai koyar ba.

Kada a ɓamɓare kan sarki

Gol Kos ta fara fitar da kan sarki nata a 1875. Na ranar 'yancin kai, 6 ga Maris 1957, mai hoton Nkrumah, kusan kowane gida mai tsohon ɗan boko akwai shi, kuma don haka ba shi da tsada. Waɗanda ke da tsada a yankinmu suna da alaƙa da wani tarihi da ya taɓa Dagbon kai tsaye. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar, Yendi ta faɗa ɓangaren Togo ta Jamus, Tamale ta zauna ɓangaren Ingila, har ta zama hedikwatar arewa a 1907. Da yaƙin duniya na farko ya tashi, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Togo a watan Agustan 1914, suka tarar da kan sarkin Jamusawa, suka buga nasu rubutu a kai suka ci gaba da aiki da su. Wasu daga cikin waɗannan ƙalilan ne ƙwarai, masu tarawa na biyan kuɗi mai kauri a kansu. Saboda haka ne ma na jabu suka yi yawa, sai gwani ke bambancewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɓamɓare kan sarki daga ambulan a zubar da sauran. Sau da yawa ambulan ɗin ya fi kan sarkin daraja, domin shi ke ɗauke da hatimin gidan waya, da kwanan wata, da sunan garin da wasiƙa ta fito da inda ta nufa. Wasiƙar da wani bafatake ya aiko daga Kano zuwa Salaga, ko wadda alhaji ya aiko daga hanyar Makka zamanin da ake tafiya ta Sudan, shaida ce ta yadda Zango ya kafu. In an raba ta da ambulan, an raba ta da rabin labarinta.

Masu zuwa da zaƙin baki

A 2009 jita-jita ta game Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani sinadari wai shi jar zaiba, mai darajar miliyoyi. Mutane suka riƙa sayen tsohon keke a kan dubban riyal, har aka fasa shagunan teloli, kafin hukuma ta fito ta ce ƙarya ce. Babu wani abu jar zaiba. Amma labarin bai mutu ba, kaya kawai yake sauyawa. Yau a ce tsohon dutsen guga na gawayi ne, gobe a ce tsohuwar rediyo, jibi a ce kwabo mai huji da ke jan allura.

Salon kusan ɗaya ne kullum. Wani zai zo ya ce akwai Bature ko Balarabe a Ankara da ke neman abu kaza, zai biya kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba. Bayan kwana biyu sai ga wani daban yana da irin abin, yana neman kuɗi da gaggawa, zai sayar da araha. Ka sayar da akuya ka saya, ka waiwaya, na farko ya kashe waya. Ko kuma a Facebook ko WhatsApp a ce an ga hoton kayanka an yaba, amma sai ka tura kuɗin rajista ko na gwaji ta momo. Mai sayen gaskiya ba ya neman mai kaya ya fara biyansa. Wanda kuma ya shiga eBay ya ga an rubuta dala dubu 5 a kan irin kwabonsa, ya sani cewa kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne nawa aka saya, ba nawa aka yi talla ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ba na sayarwa ba

A ƙasan adaka, ƙarƙashin kuɗi da hotuna, nan ake samun abin da ya fi komai: takardun da malamai suka rubuta da hannu, da Larabci ko da Hausar ajami. In ana maganar ƙaranci, babu katin Amurka da ya kama ƙafarsu, domin da yawansu kwafi ɗaya ne tak a duniya. Yankin nan ya yi manyan marubuta. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da tarihi da wasiƙu, ɗalibansa suka kwafa suka bazu da su cikin zangogin ƙasar nan. Tsohon garin Kete-Krachi kansa ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo. Wa ya san abin da ya rage a hannun jikokin ɗaliban nan?

A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta yi wani aiki abin koyi. Masana irin su Ivor Wilks, tare da Alhaji Usmanu Boyo, sun bi gidajen malamai suna aron takardu, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Ilimin ya shiga taskar jami'a, asalin ya zauna a gida. Yau da wayar hannu kowa zai iya yin irin wannan cikin yini ɗaya. A nan Tamale kuma akwai reshen hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, PRAAD, ga Jami'ar UDS, wuraren da mutum zai nemi shawara kafin ya saurari ɗan kasuwa.

A sani kuma cewa doka ta shigo ciki. Tun 1969 dokar Ghana ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Abin da ya fita kuwa dawowarsa da wuya. A 2024, kayan zinariyar Asante da sojojin Ingila suka kwashe tun ƙarni na 19 sun dawo fadar Manhyia a Kumasi daga gidajen tarihi biyu na Landan, amma a matsayin aro. In Asantehene da ƙarfinsa aro aka ba shi, ina ga ɗan Zango da ya sayar da littafin kakansa da hannunsa?

Akwai kuma haƙƙin magada. Adakar mamaci ba ta wanda ya riga buɗewa ba ce. In akwai abin kuɗi a ciki, gado ne, da rabon mata da marayu da waɗanda ke nesa. Saurayin da ya zare takarda ko azurfa a ɓoye ya kai wa dillali, ya ci haƙƙin 'yan'uwansa ko da abin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba.

Yadda za a adana

Maƙiyan takarda a garin nan sanannu ne: gara, kyankyaso, ɗanshin damina, yoyon kwano, da zafin rana. A ɗaga adaka daga ƙasa, a raba ta da jikin bango, a riƙa buɗewa ana dubawa ko sau biyu a shekara. Kada a kai tsohuwar takarda ko hoto a manne su cikin roba da injin zafi kamar yadda ake yi wa satifiket, domin ba a iya cirewa kuma, kuma darajar ta tafi ke nan. Kada a liƙa salatif a inda ya yage. A sa kowace takarda tsakanin farar takarda mai tsabta, a kwantar da ita ba a naɗe ba. Tsabar kuɗi kuma kada a goge ta da toka ko lemun tsami ko yashi don ta yi ƙyalli. Masu tarawa sun fi son ta da launin tsufanta, gogaggiya faɗuwa take yi a kuɗi.

Sannan a rubuta asali. Katin Mantle ɗin nan, wani abin da ya ƙara masa kuɗi shi ne an san hannun da ya fito da hannun da ya shiga. Namu asalin yana bakin tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi. Wane ne wannan mai rawani a hoton? A wane gari aka ɗauka? Wa ya rubuta wannan littafi, a wurin wa ya yi karatu? Hajiya ta sani, Kawu ya sani. Hutun makaranta mai zuwa, a sa yaro ɗaya mai kyakkyawan rubutu ya zauna kusa da su da fensir da littafi, a fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, su faɗa yana rubutawa, a ɗauki hoton kowanne da waya a tura wa 'yan'uwa na Kumasi da Nima da Kano. Wataƙila a ƙarshe a tarar babu abin dala miliyan a ciki. Amma gidan zai san abin da ya mallaka, kuma ranar da mai zaƙin baki ya yi sallama, zai tarar an riga shi sani.